Maiƙo a Littafin Gwamnati

Yaran yanzu idan littafi suke so, sai su tsayar da mai babur su ce a kai su ɗakin karatu, har ya tambaye su wanne. Mu da muka taso babu wannan tambaya. Ɗakin karatun gwamnati ɗaya na sani a Lome, can cikin ofisoshi ta wajen teku, kuma ba a yi shi don ƙafar 'yar Zongo ba. Ba wanda ya hana mu shiga, in faɗi gaskiya. Amma idan ka leƙa ka ga maza sun shaƙe wuya da laktaye, fanka tana juyawa a sama, wuri ya yi tsit kamar gidan makoki, kai da kanka za ka ja silifas ɗinka ka koma inda ka fito.

Ni dai ban koma ba, don tun ina ƙarama ba na jin kunyar abin da ba sata ba. Na gama makarantar boko ta Faransanci har na ci jarrabawa, sai karatu ya tsaya a nan, saboda Baba ya rasu kuma ƙannena suna tasowa. Da safe ina gaban tanda tare da Inna muna suyar masa, da rana in wanke hannu in tafi ɗakin karatun nan in zauna a kujerar ƙarshe. Matar da ke kula da wurin 'yar ƙabilar Mina ce, doguwa, mai ƙaton tabarau, ba ta rabuwa da lema ko rana ko ruwa. Madam kowa yake ce mata. Ta ce min ba ta buƙatar ɗaga kai ta san na shigo, ƙanshin masa yana riga ni sallama.

Madam ce ta ƙirƙiro maganar akwatuna. Ta ce tunda mutanen unguwanni sun ƙi zuwa wajen littafi, to littafi ya je wajensu. Aka samo akwatunan ƙarfe irin na sojoji, aka cika su, aka fara kaiwa unguwar Bè, sannan wasu unguwannin ɗaya bayan ɗaya. Zongo ce ta zo ƙarshe, ita ma sai da Madam ta yi ta naci a ofishin shugabanta. Shugaban ɗakin karatun, Mushe Direkta kamar yadda ake kiransa da Faransanci, yana ganin mutanen Zongo ciniki da allo kawai suka sani. Da ƙyar ya yarda a gwada mu na damina ɗaya. Idan ruwa ya ɗauke zai zo da kansa ya duba. In ya tarar da littattafai lafiya, a ba Zongo ɗaki na kanta, ni kuma a ɗauke ni aikin kula da shi. In ya tarar da ɓarna, akwati ya wuce Agbalépédo, inda a lokacin gonaki suka fi gidaje yawa amma suna ta roƙon nasu.

Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ina son Inna, ina son masarta, amma ba na son in tsufa hayaƙi yana cin idona. Na ga kaina zaune a bayan tebur irin na Madam, har na fara tunanin ko ni ma in sayi lema.

Ranar da aka kawo akwatin, a zauren gidanmu aka sauke shi. Tare da shi aka kawo hoton shugaban ƙasa a cikin gilashi, don a zamanin jam'iyya ɗaya ko rumfar wanzami ba ta rasa shi. Na kafa ƙusa na rataye shi a saman akwatin. Inna ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ce, "Shi ne mai littattafan?" Na ce kusan haka. Ta gyaɗa kai ta ce lalle mutumin kirki ne, tunda ya yarda ya ba da aron kayansa ga mutanen da bai taɓa gani ba.

Da farko 'yan makaranta ne suka riƙa zuwa, suna ɗibar masu hotuna. Daga baya teloli suka shigo, da karnukan mota masu ɗan Faransancinsu na bakin tasha. Akwai wani Bazabarme dillalin shanu da bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma ya gano wani littafi mai hotunan shanun Turai, ya are shi ya kai kara yana nuna wa abokan sana'arsa, suna ta gardama ko ƙarya aka zana. Zauren da a da awaki ne kawai ke fakewa a cikinsa ya koma wurin hira. Na riƙa tafiya a unguwa ina jin kaina wata aba.

Sai aka fara mayar da littattafai.

Wanda bai zauna a Zongo ba, bari in yi masa bayani. A wajenmu ba a mayar da kayan aro hannu rabbana. In kika ari tukunyar maƙwabciya don suna, za ki mayar da ita da ɗan abin da aka dafa a ciki. In turmi ne, da ɗan garin da aka daka. Ko tsani ka ara, ka haɗo da goro. Matar da ta mayar da kwano wayam, a ranar za a yi da ita a bakin famfo, a ce ba ta samu tarbiyya ba, kuma zancen zai bi ta har auren 'ya'yanta. Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe, kowa da nasa hali, amma a kan wannan bakinsu ɗaya.

Littafin farko da ya dawo, wata yarinya ce ta kawo shi a ka. An ƙulle shi cikin ɗankwali, da ƙosai mai zafi a samansa, uwarta ta ce a gaida mai littafi. Na yi dariya, na ci ƙosan, na goge bangon da gefen zanina. Na biyu ya zo da wagashi, wato cukun Fulani, soyayye. Na uku da kwanon wake da shinkafa, an ɗora kwanon a kan littafin, littafin a kan gammo, don yaran Zongo sun gano ba abin da ya kai littafin gwamnati daɗin ɗora kwano. Kafin wata ya ƙare na daina dariya. Mai yana ratsa bango ya shiga ciki, shafi ya bi shafi, kowane da tambarinsa zagaye. Idan na buɗe akwatin da safe, ƙanshin da ke tashi ya isa mutum ya sha koko da shi.

Na bi gida-gida ina roƙo. Iyaye mata suka saurare ni da kyau, suka yi min addu'a, suka ci gaba da abinsu. Wata tsohuwa ta ce, "'Yar nan, mu ba mu yi lakwal ba, bokon nan naku, amma mun san mutunci. Bawan Allah ya ba ɗana aron abu mai tsada, in mayar masa haka nan? Ya ce mu su wane ne?" Na ce to a riƙa kawo abincin daban, littafin daban. Ta ce yarinya hannu nawa gare ta, ga ƙaninta a baya.

Babbar abokiyar gabata kuwa a cikin gidanmu take. Ƙanina ya ari littafin lissafi daga zaure ya shiga da shi ɗaki, tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa bakin ƙofa ba. Da ya gama, Inna ta kwaso masa daga tanda ta jera a kan littafin ta ce ya mayar. Na biyo shi tsakar gida ina huci.

"Inna, masar nan wa zai ci? Ni ce fa a zauren. Ni na soya ta da safe!"

"Ba ke na ba ba. Mai littafi na ba."

"Mai littafi gwamnati ce. Gwamnati ba ta cin masa."

"Don ba ta samu mai kyau ba ne," in ji ta, ta ci gaba da juya tanda.

Haka nan zaurenmu ya koma wurin cin abinci. Duk abin da aka kawo wa mai littafi sai in ajiye a faranti ƙarƙashin hoton, masu karatu su yi ta miƙa hannu, su kuma koma da hannun nan kan shafi. Wasu samarin ma na tabbata ba karatu ke kawo su ba. Madam ta leƙo mu wata rana a tsakiyar damina, ta jingine lemarta, ta ɗauki wagashi tana ci tana buɗe littattafai. Ta ce wagashin ya yi daɗi. Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗiyata, shi ba zai ci ba. Dubawa zai yi."

Na yi iya ƙoƙarina in ɓatar da maiƙon nan. Na daka alli na barbaɗa. Na shanya littattafai a rana a kan langa-langa, sai da hadari ya kusa yi min ta'adi. Wani tela ya ce in shimfiɗa takarda in bi da dutsen guga, na gwada a kan littafin taswirori, mafi girma da tsada a akwatin. Tambarin da a da bai fi gindin kofi ba ya buɗe ya cinye rabin shafi, zaure ya ɗauki ƙanshin suya, har Inna ta leƙo tana tambaya me na ɗora a wuta.

Ruwa ya ɗauke, Mushe Direkta ya zo da motar ofis, Madam tana biye da shi. Mutum ne gajere mai tsabta, har takalminsa yana ɗaukar ido. Ya gaida hoton da ido, ya ƙi zama a tabarma, ya buɗe akwati. Na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗauki littafi ɗaya ya ajiye, ya ɗauki wani ya ajiye, har ya iso kan na taswirori. Ya ɗaga shafin nan ya saita shi da hasken ƙofa, sai ga Madam ana hango ta ta cikin takarda, ita da tabaranta. Ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ta ce masa ya lura ko littafi ɗaya bai ɓata ba, kuma babu wanda ba a karanta ba. Ya ce ya lura. Bai ɗaga murya ba. Ya zaro hankici ya goge yatsunsa, ya ce a mayar da akwatin ofis kafin ƙarshen mako.

Motar tana tashi na shiga gida na zazzage wa Inna duk abin da ke cikina. Na ce sun soye min aiki, ita da matan unguwa. Na ce yanzu sai su zuba ruwa a ƙasa su sha, akwati zai tafi wajen mutanen da suka san darajarsa. Na yi kuka irin na haushi, mai majina, ba kukan da ake tausaya wa mai yin sa ba. Inna ta bar ni na gama. Ba ta ba ni haƙuri ba, kuma ba ta ce ta yi kuskure ba, don har ta koma ga Allah ba ta yarda kuskure ba ne.

"Ashe akwatin ma aro ne?" ta tambaya.

"Aro ne mana."

"To, za a mayar wa mai shi. Tunda ba ya cin mai, me yake so?"

"Ba ya son komai, Inna! Littafi kawai ya sani."

Ta ce to. Ta yafa gyale ta fita, ban tambaye ta inda za ta ba, don ba na yi mata magana a lokacin.

Ranar da za a mayar, na ɗauko mai amalanke da hantsi, sai na tarar da zaure cike da mutane, kowa da abu a hannu. Direbobin da ke zuwa Kano sun kawo littattafan Hausa na boko, bangonsu duk ya nannaɗe. 'Yan kasuwar Gana sun kawo na Turanci da 'ya'yansu suka gama da su. Wani malami ya aiko da littattafan nahawu masu rawayar takarda. Dillalin shanun nan ba shi da littafi a gidansa, sai ya je kasuwa ya sayo sabo fil, ya zaɓi wanda ya fi kauri, ashe na gyaran injin jirgin ruwa ne. Ba ƙosai, ba wagashi, ko goro ɗaya babu. Akwatin gwamnati ya cika ya ƙi rufuwa, Inna ta sa aka fito da akwatin aurenta aka juye zannuwan a kan gado.

Ita ce ta kawo nata a ƙarshe. Gafaka ce ta jar fata, duk ta yi laushi don tsufa. Na san ta. Baba falken goro ne, kuma idan ya dawo daga tafiya yakan zauna ya rubuta waƙoƙin hanya da ajami, na garuruwan da ya kwana da rafukan da ya tsallaka, ya adana su a cikinta. Bayan ya rasu aka raba tufafinsa, aka sayar da kekensa, wannan kaɗai Inna ta riƙe. Ba ta iya karatu ba. Ranar Salla takan fito da ita ta buɗe ta duba rubutun, ta mayar.

Fushina ya tafi nan take. Na ce, "Inna, ban da wannan."

"Kowa ya kawo na gidansa. Ni in aika da me, da tsumma?" Ta ce ta riga ta kai wa liman ya duba, babu aya a ciki, kowa zai iya taɓawa. Ta ɗora ta a sama ta rufe akwatin da kanta.

Na bi amalanke a ƙafa har ofis. Madam ta fito karɓar akwati ɗaya ta ga biyu. Na yi mata bayani ina sunkuyar da kai, don na ɗauka wani sabon abin kunyar ne muka kawo. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido. Da ta buɗe na biyun sai ta ga gafakar a sama. Ta shiga ta kira Mushe Direkta, ya fito ya tsaya yana kallon tarin littattafan da rabinsu bai san ta inda ake buɗe su ba. Ya ce me zai yi da wannan.

Madam ta ce masa kyauta ce daga jama'ar Zongo zuwa ga gwamnati. Ta faɗi kalmar jama'a da ƙarfi, yadda ake faɗinta a rediyo. A wancan zamani ma'aikaci yana iya ƙin abubuwa da yawa, amma ba ya ƙin kyautar jama'a, kuma na ga yadda fuskarsa ta sake da ya fara hango yadda labarin zai yi daɗi a kunnen manyansa. Ta ƙara da cewa babu mai iya tantance na Hausa da na ajami a ofishin, sai yarinyar nan da ke tsaye. Sannan ta nuna akwatin Inna da bakin lemarta ta ce, "Wannan kuma na wata baiwar Allah ne, dole a mayar mata. A gidan uwata ma, Mushe, ba ma mayar da abin mutane fanko."

Akwatuna biyu suka dawo Zongo a motar ofis, da sababbin littattafai a ciki. Aka ba mu wani tsohon shago kusa da masallaci, aka buga katako a bango, na samu teburina. Matan unguwa suka daidaita da gwamnati a kan goro, tunda ba shi da mai. Daga nan abin ya yi ta yaɗo. Unguwannin da suka fara da akwati suka samu ɗakuna, Agbalépédo ma ta samu nata ba tare da an ƙwace namu ba. Lokacin da aka tashe mu daga tsohuwar Zongo aka kai mu arewa ta wajen Agoè, littattafan suka bi mu a bayan babbar mota tare da tukwane da awaki. A wannan aikin na tsufa, kuma na sayi lemar.

Amma sharaɗi ɗaya Mushe Direkta ya kafa kafin a buɗe shagon nan: duk littafin da aka bayar a buga masa hatimin gwamnati, ya zama na kowa. Ya aiko min da hatimin da tawadarsa. Na zauna wani yammaci ina ta bugawa, na direbobi, na malam, na injin jirgin ruwa. Gafakar na yi ta ture ta gefe har ta rage ita kaɗai a tebur. Sai ga Inna ta shigo ganin wuri, ta zauna a benci tana yaba katakon.

Na ce mata ba wanda ya ƙirga. In ta so, in sa mata ita a cikin gyale ta koma da ita gida, ba mai sani.

"An bayar," in ji ta. Ta matso kusa da tebur. "Karanta min kaɗan tukuna."

Ajamina ba shi da ƙarfi, amma na buɗe na fara ja a hankali, wata waƙa ce ta ƙetare kogi da jakuna. Ban yi nisa ba ta tsayar da ni ta ce ba haka yake jan wurin nan ba, ta rera min yadda yake yi, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Sai a ranar na san ta haddace su duka. Zuciyata ta karye, na ture hatimin gefe.

Ta bi shafin farko da yatsa har ta samu wani ɗan fili a ƙasa inda alƙalaminsa bai kai ba. Ta ce, "Nan. Kar ki hau masa rubutu."

Na buga. Ta jira tawadar ta bushe, ta tattara takardun ta mayar cikin gafaka, ta ɗaure igiyar. Ta kai ta kan katako da hannunta, ta cusa tsakanin littattafan mutane, ta fita ba ta waiwaya ba.